Jiki yana nan, hankali yana can: me kuke yi ku dawo da shi?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shagon atamfa da leshi a Kantin Kwari. Tun da farashin kaya ya daina tsayawa wuri ɗaya, kaina ya daina hutawa. Ina cin abinci ina lissafin bashi, ina sallah ina lissafin dala, har liman ya yi sallama ban san surar da ya karanta ba. Da dare kuwa ba a magana. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mana abin da ya yi da kansa ya ga amfani. Wanda ya gwada nake so, ba wanda ya ji an ce ba.

Nas Daga Zariya:
Wa'alaikumussalam Alhaji. Ni aikin jinya nake yi, kuma idan na tashi daga aikin dare kukan marasa lafiya yana bina har gida. Abin da nake yi kafin in fita neman adaidaita: in zauna a benci, tafin ƙafa biyu a ƙasa, in shaƙi iska ta hanci ina ƙirga huɗu, in sake ta a hankali ina ƙirga shida ko bakwai. Minti uku ya isa. Sirrin yana wajen fitarwar. Duk lokacin da mutum ya shaƙi iska bugun zuciyarsa yana ɗan ƙaruwa, idan ya fitar sai ya ragu, don haka tsawaita fitarwa yana kwantar da jiki.

Amma ka sani, kafin ka yi numfashi uku za ka tsinci kanka a shago kana ciniki. Kada ka ce abin bai yi ba. Ka lura ka tafi, ka dawo, ka sake farawa. Dawowar ita ce aikin. A 2010 masu bincike biyu a Jami'ar Harvard, Killingsworth da Gilbert, sun riƙa tambayar mutum 2,250 ta waya me suke tunani a daidai wannan lokacin. Kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan, hankalinsu ba ya kan abin da suke yi, kuma a irin lokutan ne suka fi cewa ba sa jin daɗi. Ka ga ba 'yan kasuwar Kano kaɗai ba ne.

Malamin Islamiyya:
Allah ya yi miki albarka Malama. Alhaji, nima na sha fama da wannan, ina gaban sahu ina jan mutane amma zuciyata tana wajen kuɗin haya. Abin da ya gyara mini sallah ya fara ne tun daga buta. Na daina magana ina alwala. Ina jin sanyin ruwan a tafin hannu, a fuska, a tsakanin yatsun ƙafa, gaɓa bayan gaɓa. Sannan na daina zuwa masallaci da gudu. Manzon Allah (SAW) ya ce idan an tayar da sallah mu zo da natsuwa, abin da muka riska mu sallata, abin da ya wuce mu mu cika. Wanda ya shigo yana haki, raka'a biyu za su wuce kafin zuciyarsa ta iso.

Na biyu, ka canja surorin da kake karantawa. Wadda ka saba da ita tun kana yaro harshe ne yake tafiya da ita shi kaɗai, kai kana can wani wuri. Ka ɗauki sura gajera, ka nemi ma'anarta da Hausa, ka karanta ta aya-aya kana tsayawa. Bayan sallama kuma kada ka zabura. Ka yi tasbihinka da yatsu, kana sanin inda kake a ƙidaya. Da dare ga wanda Annabi ya koya wa Nana Faɗima da Sayyidina Ali lokacin kwanciya: Subhanallah 33, Alhamdulillah 33, Allahu Akbar 34. Sau da yawa barci yana ɗauke ni ban ƙarasa ba.

Bakatsine:
Ni fa ina da ja. Wannan zaman rufe ido ana bin numfashi ba na mabiya addinin Buddha ba ne? Kada mu shigo da abin da ba namu ba.

Ɗaliba a Damagaram:
Baba, tambayarka tana kan hanya. Wanda ya shigar da shi asibitocin Turawa, Jon Kabat-Zinn, ya fara ne a 1979 a cibiyar lafiya ta Jami'ar Massachusetts a Amurka, da shiri na mako takwas ga masu ciwon da ya ƙi jin magani da masu damuwa. Kuma bai ɓoye ba cewa daga wajen malaman Buddha ya koyo, ya cire ɓangaren bauta. Ni dai numfashin kawai na ɗauka, lokacin jarabawa, idan na ji hannuna yana rawa kafin a raba takarda. Duk bidiyon da aka ce in maimaita wata kalma da ban san ma'anarta ba, wucewa nake yi.

Malamin Islamiyya:
Haka ne 'yata. Numfashi Allah ne ya ba kowa. Abin kiyayewa shi ne lafazi da niyya.

Direban Tirela:
Ni Kano zuwa Legas nake yi, ta Tegina da Mokwa da Jebba. Da farko dai kada wani ya rufe ido a kan sitiyari ya ce a nan ya karanta! Nawa sai na faka. Akwai lokacin da na wuce wani mummunan hatsari a hanya, na yi ta ganinsa a idona, ƙirjina yana bugawa ko da na tsaya. Babban ɗana ne ya koya mini wata dabara: in ambaci abu biyar da nake gani, huɗu da jikina yake taɓawa, uku da nake ji da kunne, biyu da nake shaƙa, ɗaya da nake ɗanɗana. Da farko dariya na yi masa. Amma a teburin mai shayi na gwada: ga fitila, ga tukunya, ga burodi, ga ƙarar janareto, ga warin gas. Kafin in kai kan ɗanɗanon shayin na ji kafaɗuna sun sauka. Yanzu idan zan sha shayi waya tana cikin mota.

Maman 'Yan Biyu:
Ku maza kuna da lokacin zama a benci. Ni idan na rufe ido minti biyu sai na tarar an zubar da manja. Nawa a cikin aiki yake. Tsintar wake ko wanke-wanke, in ajiye waya a ɗaki, in ce wa kaina wannan faranti kawai. Hankali kamar akuya ne a turke, za ta ja igiya, ke kuma ki jawo ta ba tare da duka ba. Ɗaya abin da ya taimake ni: bayan La'asar ina rubuta duk abin da ke damuna a tsohon littafin yara, kuɗin makaranta, adashi, maganar dangin miji. Idan tunanin ya zo da dare sai in ce an riga an rubuta ka, sai gobe.

'Yar Wusasa:
Ni Kirista ce, kuma abin da Malam ya faɗa game da rage gudu haka yake a wajenmu. Da asuba ina karanta Zabura 23 a hankali, layi ɗaya numfashi ɗaya, kafin in kunna data.

Mai Ɗinki:
Bari in faɗi nawa don kada a ɗauka kowa yake yi wa aiki. Bayan rasuwar ƙanena na gwada zaman shirun nan, sai abin ya ƙaru. Ina rufe ido komai yake dawowa, numfashina ya sarƙe. Abinci ya fita raina, keke ma na kasa hawa in yi ɗinki. Mutane suna ta ce mini in ƙara haƙuri, wasu suka ce iska ce. Yayata ce ta kai ni wajen likitan ƙwaƙwalwa, aka ɗora ni a kan magani, ana kuma zama da ni ana magana. Sai bayan na ɗan farfaɗo tafiyar ƙafa da yamma ta fara yi mini amfani, ido a buɗe, ina jin takuna a ƙasa. Har yau ba na zaman rufe ido.

Nas Daga Zariya:
Allah ya jiƙansa ya yi masa rahama, kuma na gode da kika faɗa. Wanda ya ga tashin hankali ko ya yi babban rashi, zaman shiru yana iya tayar masa da abin, gara ya bar idonsa a buɗe ko ya yi tafiya. Duk wanda ya haura mako biyu ba barci, ba cin abinci, ba ya jin daɗin komai, ko yana tunanin cutar da kansa, ya je asibiti. Akwai na ƙwaƙwalwa a Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, da Maiduguri, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Alhaji, kai ma ka auna hawan jini.

Direban Tirela:
Malama, goro fa? Ba na iya tuƙin dare sai da shi.

Nas Daga Zariya:
Baba direba, goro yana da kafeyin, irin sinadarin da ke cikin kofi da shayi da lemon ƙara kuzari. Bayan kamar awa biyar rabinsa yana nan a jiki. Idan tuƙi za ka yi wannan daban, kodayake ba ya maye gurbin barci, in ka ji gyangyaɗi ka faka. Amma ranar da kake gida kana son ka kwanta da ƙarfe goma, ka ajiye shi tun daga Azahar.