Jini ko rashin jin magana: me ke korar mai kallo daga fim ɗin tarihi?

Malam Sani: Assalamu alaikum jama'a. Zan faɗi matsayina tun farko don a san inda za a tare ni: wanda ya zauna kallon wasan kwaikwayo na tarihi, ya dawo yana ƙorafin an nuna azaba, ba shi da hujja. Misalina Gunpowder, shiri mai kashi uku da BBC ta nuna a Oktoban 2017, kan makircin da wasu 'yan Katolika suka ƙulla a 1605 na tashin majalisar Ingila da ganga 36 na albarushi, da Sarki James na ɗaya a ciki. A kashin farko an tuɓe wata mata a bainar jama'a, aka yi ta jibga mata nauyi har ta cika. Aka rataye wani matashin fada, wato limamin Katolika, aka sauko da shi da sauran numfashi, aka farke cikinsa, aka daddatsa shi. Mutanen Birtaniya suka yi caa, wasu suka ce har zuciyarsu ta tashi. BBC ta ce ta yi gargaɗi kafin a fara, an nuna shi bayan ƙarfe tara na dare, kuma haka ake kisa a wancan zamanin. Ni ina bayanta.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara sani, amma a nan mun rabu. Ban musa cewa an yi abin ba. Sai dai dole ne idona ya ga wuƙa tana shiga cikin mutum kafin in gaskata? Ƙissar mutanen rami da ke Suratul Buruj 'yan ayoyi ce, ba a tsaya siffanta yadda fata ke ƙonewa ba, amma duk wanda ya ji ta jikinsa sai ya yi sanyi.

Malam Sani: Hajiya, bari in faɗi dalilina. Shugaban makircin, Robert Catesby, mutum ne mai gata da dukiya. Me zai sa irinsa ya yarda ya hallaka ɗaruruwan mutane a tashi ɗaya? Tun 1581 duk wanda ya ƙi halartar cocin gwamnati tarar fam 20 ce a kansa kowane wata. A 1585 aka yi dokar da ta mai da kasancewar fadan Katolika da aka naɗa a ƙetare cin amanar ƙasa in ya shigo Ingila, wanda ya ɓoye shi ma hukuncinsa kisa. In ka kawar da kyamara daga dandalin kisa, mai kallo zai ɗauka Catesby mahaukaci ne kawai. Ba wanke shi nake ba, abin da ya ƙudurta ta'addanci ne. Amma ɗalibaina sun fi gane yadda zalunci ke haifar da wani zaluncin in sun ga na farkon ido da ido.

Zainab: Malam, da izininka in ɗan gyara wani abu. Matar da aka nuna a shirin ƙirƙirarta aka yi. Wadda aka yi wa wannan kisan a zahiri ita ce Margaret Clitherow, a birnin York, a 1586, zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, shekara 17 kafin James ya hau gadon sarautar Ingila. An tuhume ta da ɓoye limaman Katolika, ta ƙi amsa tuhumar a kotu don kada a tilasta wa 'ya'yanta ba da shaida a kanta, shi ne aka danne ta da ƙofa da duwatsu. To masu shirin sun ɗauko wannan, suka sauya suna, suka matso da shi zamanin James, suka ajiye shi a farkon kashi na ɗaya. Zaɓi suka yi. Wanda ya yi zaɓi kuwa ba zai ce tarihi ne ya tilasta masa ba.

Malam Sani: Na yarda an matsar da lokaci. Hanyar kisan dai ba ƙarya ba ce, tana cikin dokar Ingila har 1772.

Zainab: Haka ne. Abin da ya fi damuna shi ne dalilin shirun Margaret ya fi duwatsun ban tausayi, kuma wannan da magana ake isar da shi, ba da jini ba.

Abdul Mai Sauti: Madalla, Anti Zainab ta kawo mu inda nake jira. Ni aikina haɗa sauti ne, kuma ina ganin duk kun tsaya kan ƙaramar matsala. Jini yana sa mutum ya kau da kai na minti ɗaya. Rashin jin magana shi ke sa ya kashe talabijin ya tafi ke nan. A Afrilun 2014 BBC ta nuna Jamaica Inn, shi ma labarin da ne, na masu fasa-ƙwauri a Cornwall. Ƙorafi sama da 2,000 aka kai mata, kusan duk kan abu ɗaya: ba a jin me 'yan wasa ke cewa. Masu kallo suka sauko daga miliyan 6.1 a daren farko zuwa 4.1 a na uku. Turawa ne fa, da harshen uwarsu. A 2017 aka sake irin wannan kuka kan wani shirin BBC mai suna SS-GB.

Baba Idi: Ɗana Abdul, Allah ya yi maka albarka. Da na ɗauka kunnena ne ya tsufa. Ina son fina-finan Turkiyya na kafuwar Daular Usmaniyya, waɗanda ake fassarawa da Hausa, jikana ke kai waya a turo mini. Kiɗa kamar zai tsaga ɗaki, ƙarar takobi har maƙwabta, amma da dattawan ƙabila sun zauna shawara a tanti sai murya ta nutse. In ƙara, a shiga yaƙi, yara su firgita daga barci. In rage, a koma shawara, in rasa kan zance. Rimot ba ya barin hannuna.

Abdul Mai Sauti: Baba, ba kunnenka ba ne kaɗai. Abubuwa ne suka taru. Ana haɗa sautin a situdiyo mai lasifika shida, magana tana da tata lasifikar a tsakiya. Da ya zo gida sai a matse shi duka cikin biyu, kiɗa ya hau kan murya. Filasmar yanzu siririya ce, lasifikarta ƙarama, tana fuskantar ƙasa ko bango, ba kamar tsohuwar akwatin nan mai jefo sauti gabanka ba. A fim ɗin tarihi kuma ana ɓoye makirufo cikin tufafi masu kauri, sulke da alkyabba suna gogarsa. Ga 'yan wasan zamani suna son magana ƙasa-ƙasa wai ta fi kama da gaskiya. Babbar illar kuwa darakta ne: ya haddace rubutun, ko an tauna kalma shi yana jin ta, don ya riga ya san ta. A namu na fassara akwai ƙari, sau da yawa babu asalin kiɗa da ƙara a ware, sai a danne sautin fim ɗin a ɗora Hausa a kai, da mai magana ya yi shiru sai sautin ya dawo da ƙarfinsa.

Hajiya Rabi: To Malam ka ji. Ai maganganun biyu ɗaya ne. Ka ce ana nuna azaba don a gane dalili. Dalilin kuwa a bakin mutane yake, a ɗakin shawara, a raɗa. In wannan ya ɓace, ihun wanda ake yanka ne kaɗai ke fita tar, me ya rage wa mai kallo? Ya ga an farke ciki, bai ji abin da ya jawo ba. Darasin da kake nema ya tafi, jinin ya zauna.

Malam Sani: Wannan hujja ce a kan mai haɗa sauti, Hajiya, ba a kan nuna gaskiya ba. A gyara sauti a bar tarihi yadda yake.

Hajiya Rabi: Akwai kuma abin da ban faɗa ba. A gidana akwai yarinyar da muka riƙe, daga wani ƙauye a Zamfara ta zo. Abin da kai kake kira tarihi ita ta gan shi a ƙofar gidansu. Ko ƙarar takobi ta ji daga falo sai ta shige ɗaki. A Birtaniya suna da ƙa'idar cewa ba a nuna irin wannan a talabijin sai bayan ƙarfe tara na dare, hukumar Ofcom mai kula da kafafen yaɗa labarai na sa ido. Mu fim a waya yake yawo, yaro ɗan shekara takwas yana da shi a memori, babu gargaɗi, babu tara na dare. Hujjar BBC ta yi aiki a can, ba ta biyo fim ɗin zuwa nan ba.

Malam Sani: Allah ya ba ta lafiya, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Wannan nauyi ne a kanmu iyaye da masu tura fina-finai, kuma ban raina shi ba. Amma har yanzu ina tsoron tarihin da aka wanke tas, wanda sarakuna ke fitowa da fararen kaya, ba a ga wanda aka taka ba. Irinsa ne ke sa matasa su ɗauka yaƙi ado ne.

Zainab: A nan ina tare da kai, Malam. Kisan da aka yi wa ado da kiɗa, jarumi ya sare goma ko ƙura ba ta taɓa shi ba, ya fi cutar da yaro a kan wanda ya sa shi kau da kai. Inda muka saɓa shi ne tsawon lokacin da kyamara za ta tsaya. Fuskar 'yan kallo a dandalin ta isa ta faɗi rabin abin.

Baba Idi: Ni dai a ba ni magana in ji. Abdul, akwai abin da zan yi kafin ku masu aikin ku gyara?

Abdul Mai Sauti: Akwai, Baba. Ka sa jikanka ya shiga saitin sauti na talabijin, ya cire shi daga na sinima ya mai da shi na magana ko na labarai, in akwai na dare ya kunna, shi ke rage tazarar da ke tsakanin raɗa da ƙarar yaƙi. A ɗan janyo talabijin ɗin daga jikin bango in a kan tebur take. Mu kuma a wajenmu yanzu ba na sallamar aiki sai na tura shi a ƙaramar waya, na ba wanda bai taɓa ganin rubutun ba ya saurara, fanka tana juyawa. Duk layin da ya ce in maimaita, na koma kansa.

Malam Sani: Hajiya, wancan batun na yara da memori ina so mu ware masa rana, don ya fi ƙarfin wannan zaman.

Hajiya Rabi: Allah ya kai mu. Amma a gayyato masu shagon turi, su ma a ji ta bakinsu.