Baƙar tayar keke da mai launi: wacce ta fi ƙarko?

Uban ɗalibi, Garwa:
Assalamu alaikum. Ɗana yana zuwa makaranta da keke, kuma tayarsa ta baya ta cinye har zare ya bayyana. Da muka je kasuwa ya ga wata ja, ya nace sai ita, ni kuwa tun tasowata baƙa na sani. Shin baƙin nan rini ne kawai, ko yana da wani amfani?

Malamin kimiyya, Ngaundere:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba rini ba ne. Ruwan roba da ake tatsa daga bishiya, irin na gonakin da ke kusa da Kiribi a kudancin Kamaru, fari ne kamar madara, kuma tayoyin farko farare ne ko ruwan toka. Shi ya sa mutum-mutumin tallar kamfanin taya na Michelin, wanda aka ƙirƙira a 1898, yake fari har yau. Wajen 1910 ne kamfanin B.F. Goodrich na Amurka ya fara cuɗa roba da wani baƙin gari mai kama da kunkunniya, wanda ake samu idan aka ƙona mai ba tare da isasshiyar iska ba. Garin yana kama jikin roba ya ƙarfafa ta, ta yadda kwalta ba ta saurin cinye ta, yana rarraba zafin da gogayya ke haifarwa, sannan yana tare hasken rana da ke busar da roba har ta tsattsage. Wanda ya san ranar Garwa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mai faci, Marwa:
Malam ya faɗi gaskiya. Masu launin da ake kawo mini, musamman masu araha, gefensu ne yake fara tsagewa tun ƙasan bai cinye ba, kuma faci ba ya maganin wannan. Ga ƙura kuma, wadda takan dusashe jan cikin 'yan kwanaki.

Mai tseren keke, Njamena:
Ina neman afuwar Malam da Baba mai faci, amma bai kamata a yi wa masu launi kuɗin goro ba. Akwai waɗanda ake ƙarfafa su da silika, farin sinadarin da ke cikin yashi, wanda Michelin ya shigar a tayar mota a 1992, kuma irinsu suna kama hanya sosai idan an yi ruwa, sai dai suna da tsada. Idan yaron ado yake so, Alhaji, a nemi wadda wurin taka ƙasa baƙi ne, launin yana gefe kawai.

Uban ɗalibi, Garwa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baƙa zan sa a baya, tunda can nauyi yake, balle yakan goya ƙanensa. Idan ta gaba ta ƙare, sai mu duba mai jan gefe.