Wace manhajar AI kuke amfani da ita a Tawa, kuma yaya aka yi kuka koma kanta?

Mai buga takardu, bakin babbar kasuwa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya wani yaro ya shigo shagona a buga masa takardar neman aiki. Na jawo kujera zan fara tambayarsa kamar yadda na saba, sai ya miƙo mini waya ya ce in kwafa kawai, an riga an rubuta. Faransanci ne tsaf, babu inda zan sa hannu. Na ce wa ya rubuta maka, ya ce Gemini, manhajar Google da ake yi wa tambaya ta amsa ko ta yi maka rubutu. To bara irin yaran nan in sun zo ChatGPT suke ambata, akwai lokacin da kowa sai DeepSeek, yanzu kuma ga wani suna. Rabin abincina a rubuta wa mutane wasiƙa da CV yake, don haka dole abin ya dame ni.

Na san ChatGPT ta fito ranar 30 ga Nuwamba 2022, cikin kwana biyar ta samu mutum miliyan ɗaya. A watan Oktoba 2025 shugaban kamfanin, Sam Altman, ya ce mutum miliyan 800 ke shiga kowane mako. A watan na Oktoba kuma Google ta ce Gemini na da miliyan 650 a wata. Mu nan Adar muna ina a cikin lissafin nan? Kowa ya faɗi wadda ke wayarsa, da abin da ya kai shi gare ta.

Ɗaliba a jami'ar Tawa

Wa alaikumus salam Baba. Ni guda huɗu ne a wayata, kuma ban da amana da ko ɗaya. Na fara da ChatGPT a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Ba a iya zaman karatu da dare, sai in tara tambayoyina da rana, in aka samu caji in zuba su gaba ɗaya. Ta kyauta tana da iyaka, in ka yi tambayoyi da yawa ko ka tura hoton shafi sai a ce ka dakata zuwa an jima. Ni kuma gobe ne jarrabawa, wane an jima? Sai in kwafi tambayar in kai wa Gemini, can ma in ta cika in wuce gaba. Duk ƴan ɗakinmu haka suke yi.

DeepSeek ta shigo mana ne a ƙarshen Janairu 2025, makon da ta hau kan ChatGPT a kantin manhajojin Apple na Amurka, har hannun jarin Nvidia, kamfanin da ke ƙera ƙwaƙwalwar irin waɗannan na'urori, ya zubar da kusan dala biliyan 600 a rana ɗaya. Mu ba wannan ya ja mu ba. Kyauta ce, kuma tana nuna maka yadda take tunani kafin ta ba da amsa, wanda ga mai lissafi ya fi amsar kanta amfani. Claude kuma wata ƴar ajinmu ta nuna mini, ita nake ba dogon rubutu ta taƙaita.

Saboda haka Baba, lissafin da ka kawo ina cikinsa, amma sau huɗu. Kowane kamfani ya ƙirga ni a matsayin tasa. Sannan ka lura wani na ƙirga mako, wani na ƙirga wata. Wanda ya leƙa sau ɗaya ranar 3 ga wata bai sake ba, yana cikin na wata daidai da ni da nake kwana a kai. Kamar mai awo ne da tiya, wani da kwano, kowa na cewa nasa hatsin ya fi yawa.

Abu ɗaya ya taɓa kunyata ni. Ɗaya daga cikinsu, ba zan kama suna ba, ta ba ni sunayen littattafai uku da marubutansu don aikin da zan gabatar a aji. Malam ya tambaye ni inda na ga na biyun. Babu shi a duniya. Tun ranar duk sunan littafi sai na gan shi da idona.

Ɗan kasuwa, Birnin Ƙonni

Ni ban taɓa sauke komai ba, ita ta zo ta same ni. WhatsApp ɗina da layin Najeriya na buɗe shi saboda harka da Illela da Sakkwato, to a watan Afrilu 2024 Meta, kamfanin da ke da WhatsApp, ta saki nata mai suna Meta AI a wasu ƙasashe har da Najeriya da Gana. Wata safiya na ga wani shuɗin zobe a gefe, na ɗauka yara ne suka taɓa mini waya. Yanzu da shi nake rubuta wa masu kayana na Legas da Onica saƙo da turanci. Da sai na nemo yaro ya rubuta mini, ya kuma san duk sirrin cinikina. Farashin canji kam ba na tambayar na'ura, wannan na ƴan canjin bakin iyaka ne, na safe daban na yamma daban.

Da na ji Zuckerberg, shugaban Meta, ya ce a watan Mayu 2025 sun kai biliyan ɗaya a wata ban yi mamaki ba. Wanda ya riga ya mallaki kasuwa, in ya kasa sabon kaya a bakin ƙofa ai kowa sai ya gani. Kuma ku duba: a Disamba 2024 ChatGPT ta buɗe lamba a cikin WhatsApp, kana tura mata saƙo kamar mutum. Sai Meta ta canza ƙa'ida, ta ce daga 15 ga Janairu 2026 irin waɗannan ba su da wuri a ciki. Ni ɗan kasuwa ne, na gane. Babu mai rumfar da zai bar wani ya baza tabarma a inuwarsa yana sayar da irin kayansa.

Mai gyaran waya

Alhaji ya faɗi gaskiya, amma bari in ƙara daga teburina, don yawancin mutanen gari ta hannunmu suke shiga. Mutum zai zo ya ce "sa mini ChatGPT". Duk wadda ka sa masa, ChatGPT zai ci gaba da kiran ta, kamar yadda kowane garin sabulu Omo ne a bakin mata. Suna kam ta riga kowa. Sai dai waya kusan duka Android ce, Tecno, Itel, Infinix, kuma Android ta Google ce. Adireshin Gmail da muka buɗe wa mutum ranar da ya sayi waya, da shi zai shiga Gemini ba sai ya tuna wata kalmar sirri ba. Ga wanda bai yi lakwal ba wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na sha ganin mutum ya fasa wata manhaja don kawai an ce ya yi rajista.

Sai maganar wuri. Ƙaramar waya in ta cika da bidiyon kokowa da wa'azi, dole a zaɓi guda a goge saura. Sau da yawa ni ke zaɓa, gaskiya, mai wayar bai ma sani ba.

Ku yi hankali da na jabu. Akwai masu kwaikwayon tambari da suna, ka buɗe talla ta rufe ka, kwana uku a ce ka biya. A duba sunan kamfanin a ƙasa: OpenAI ga ChatGPT, Google ga Gemini, Anthropic ga Claude. Ta biya ta gaskiya kuwa, ChatGPT Plus dalar Amurka 20 ce a wata, sama da jika goma (sefa dubu goma) kenan, kuma sai da katin banki. A duk masu zuwa wurina waɗanda na san suna biya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Mushe, malamin faransanci a koleji

Tun da babu wanda ya ambace ta, ni Le Chat (kyanwa kenan da faransanci) nake buɗewa wani lokaci, ta kamfanin Mistral na Paris. A Fabrairu 2025 Macron da kansa ya fito a talabijin yana cewa mutane su sauke ta maimakon ChatGPT. Abokan aikina har tsiya suke mini, wai sojojin Faransa sun tafi tun Disamba 2023 amma ni na ɓoye kyanwarsu a aljihu. Ina shirya atisayen nahawu da ita, shi ke nan.

Abin da na fi so mu tattauna shi ne Hausa. Tun Maris 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, faransanci da turanci na aiki. Na zauna na gwada guda uku da Hausa. Duka suna amsawa, kuma sun fi yadda suke shekara biyu baya nesa ba kusa ba. Amma Hausar labaran rediyo ce, ta Kano. Na rubuta yadda muke magana, na ce "ina son in tahi Bouza, mi za ni yi", ɗaya ta gane, ɗaya ta gyara mini rubutu kamar ni ne ɗalibin. Na ce kaya jika biyar, sai wata ta shiga yi mini bayanin jikoki da kakanni. Kuɗi kuwa sai su kai ka naira in ba ka ce sefa ba. Dalilin a fili yake: abin da aka rubuta a intanet suka koya, mu kuma Adarawa mun fi magana da rubutu, ɗan abin da muke rubutawa ma da faransanci ne. Shi ya sa ɗalibaina duka da faransanci suke tambaya, ko da a gida ba mai jin sa.

Na aikin gida kuwa na daina bayarwa a tafi da shi. Yaron da ba ya iya haɗa jimla biyu a allo ya kawo mini shafi biyu babu kuskure ko ɗaya. Yanzu a aji ake rubutu, a gabana.

Madam mai ɗinki

Ku kuna ta maganar karatu, ni hoto ya kawo ni. Ƴata ta nuna mini wajen Satumba 2025, lokacin da kowa ke sa hotonsa a Gemini ana canza masa kaya da wuri, abin da suke kira Nano Banana. Ta ce a watan ma Gemini ta wuce ChatGPT a kantin Apple na Amurka. Kafin nan a Maris an yi yayin mayar da hoto zanen katun a ChatGPT, har mai kamfanin ya ce sun samu mutum miliyan ɗaya cikin awa guda. Mata dai inda yayin hoto ya koma nan suke.

Ni ina ɗaukar hoton atamfa ko bazin in ce a nuna mini shi a ɗinke, mai kaya ta gani kafin in sa almakashi. Ya rage mini rigima. Amma ya kawo wata: amarya ta zo da hoton riga da na'ura ta zana, ba ɗinki a kafaɗa, ba zip, ba inda kai zai shiga, ta ce ita wannan take so kafin Juma'a. Na ce ƴata, wanda ya zana ya ɗinka miki.

Ɗan Keita a Abijan

Gaisuwa ga mutanen gida. Ni karatuna bai yi nisa ba, magana nake yi mata ta amsa da murya. Takardar haya ko ta asibiti in ɗauki hoto in ce ta faɗa mini da faransanci mai sauƙi. Wadda ƙanena ya sa mini ita ce dai, ban san ta wane kamfani ba ce. Mushe, in ka samu mai jin Adaranci ka sanar da mu.

Mai buga takardu, bakin babbar kasuwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ƴata ɗaliba, maganar tiya da kwano ta zauna mini.

Yaron jiya ya dawo da safen nan. An mayar masa da takardar. Faransancin ba laifi, amma babu wurin manna tambur, an sa gari da kwanan wata a inda ba a sa su a nan, kuma an yi wa mai ofishin laƙabin da ba nasa ba. Na gyara cikin minti biyar. Da zai biya sai muka tsaya kallon juna, don ina da kuɗin rubutawa, ina da kuɗin bugawa, ban taɓa yanka kuɗin gyaran abin da waya ta rubuta ba. Na karɓi dala arba'in, wato sefa ɗari biyu. Masu irin sana'ata na Madawa da Ƙonni, nawa kuke karɓa?