Jinin Baba ya ƙi hawa duk da maganin ƙarin jini

Maman Hafsat, Gusau: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Mahaifina na fama da tarin tibi, sati 6 ke nan da fara magani. Awon farko PCV ɗinsa, wato ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jini, 27 ne. Ya shanye kwalba 3 ta maganin ƙarin jini, ga hanta ga zogale, aka sake awo, 28 kacal. Fararen ƙwayoyin jini kuwa an ce sun yi yawa. Mu sauya kwalba, ko a ƙara masa ledar jini?

Hajiya Inno, Kaura Namoda: Allah shi ba shi lahiya, ɗiyata. Ki riƙa haɗa mai Maltina da madara.

Malam Sani mai awon jini, Talata Mafara: Hajiya, a gafarce ni, wannan haɗi sukari ne, ba ya yin jini. Maman Hafsat, ina zargin cutar ce ta kulle sinadarin ƙarfen da ake gina jini da shi. Idan cuta ta daɗe a jiki, garkuwa na sakin wani ɗan aike, IL-6. Shi ke sa hanta ta fitar da hefsidin, hefsidin kuma ya hana hanji tsotse ƙarfe daga abinci, ya garƙame wanda ke ajiye. Dabara ce, don ƙwayoyin cuta ma ƙarfen suke nema. Rumbu cike, maƙulli ya ɓata, kina ta tura dami.

Sannan ɓargo, inda ake ƙera jini, yana karkata ga fararen ƙwayoyi saboda ana yaƙi, jajaye su samu ragowa. Jajayen da kan yi kwana 120 ma ba sa cika kwanakinsu. Ki roƙi likita a auna feritin (ma'aunin ƙarfen da ke ajiye a jiki) da CRP (ma'aunin kumburin da cuta ke jawowa a jiki) kafin ki sake kashe kuɗin kwalba, tsadar nan ta ishi kowa.

Anti Rabi, nas, Gusau: Ƙarin leda hukuncin likita ne, kuma a 28 ba a cika yi ba sai in yana haki ko jiri. Maganin tibi na wata 6 ne, kyauta. Kada ya tsallake ko kwana ɗaya. Yawanci cutar na lafawa, jinin na hawa.

Maman Hafsat: Na gode. Amma Anti, fitsarinsa ya koma ja. Ba ta nan jinin ke zurarewa ba?

Anti Rabi: Rifamfisin, ɗaya daga cikin magungunan tibin, shi ne ke rina shi, har hawaye da gumi. In dai kin ga idonsa ya yi rawaya ko yana ta amai, ki kai shi asibiti a ranar.