Abin da aka tattauna kan kallon wasannin ƙarshe na Kofin Stanley na 1994

Jama'a, na tattaro shawarwarin da kuka bayar ga masu son kallon wannan tsohuwar karawa ta hokin ƙanƙara, New York Rangers da Vancouver Canucks, wadda aka yi wasanni bakwai kafin a samu zakara.

1. Kusan kowa ya ce a fara da wasan farko, kar a tsallaka zuwa na bakwai. A nan ne golan Vancouver, Kirk McLean, ya tare harbi 52 har suka ci 3-2 a ƙarin lokaci.

2. Sabon shiga ya daina neman ɗan faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo da ido, ya bi motsin 'yan wasa, don bidiyon ya tsufa.

3. A wasa na huɗu kar a rasa fenaretin Pavel Bure na Vancouver da golan Rangers, Mike Richter, ya tare.

4. Wasa na bakwai, 14 ga Yuni a Madison Square Garden, a kalle shi cikakke. Rangers suka ci 3-2, rabonsu da kofin tun 1940.

Inda aka rabu kuwa shi ne batun gwarzo. Wasu na kan Brian Leetch na Rangers tunda shi aka ba kyautar Conn Smythe ta gwarzon wasannin neman kofin, wasu sun ce kyaftin Mark Messier ne ƙashin bayan ƙungiyar, sannan akwai waɗanda suka dage cewa Trevor Linden, da ya ci wa Vancouver duka biyun a wasan ƙarshe, ba a yi masa adalci ba, kuma gaskiya ni ma ina tare da su. Tarzomar da ta biyo baya a Vancouver dai kowa ya yi tir da ita.