Tambaya: yaushe zamanin ɗan Adam ya fara a lissafin masana duwatsu?

Ummin_Abba:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu karatun duwatsu ku taimaka min, jiya malaminmu yake cewa masana sun ƙi yarda a ce mun shiga sabon zamanin da ake kira Antirofosin, wato zamanin da ɗan Adam ne ke juya ƙasa da iska da teku, wai har yanzu muna cikin Holosin da ya fara shekara 11,700 da suka wuce. Abin ya ɗaure min kai wallahi, ko a bayan gidanmu da aka haƙa ramin masai leda aka dinga tonowa har zurfin ƙugu. To me suke jira?

Baban_Sadiƙu:
Wa'alaikumussalam ƙanwata. Ba wai sun musa ɓarnar da muka yi ba ne, rigimar a kan lokacin farawa take. Paul Crutzen, wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Holan, shi ya yaɗa sunan a 2000, ya ce a ƙirga daga ƙarshen ƙarni na 18 lokacin injin tururi na James Watt. Kwamitin masana da aka kafa a 2009 don nazarin batun su kuma suka tsaya kan wajen 1950, suka zaɓi tafkin Crawford a Kanada saboda lakar ƙasansa tana kwanciya ne shekara-shekara hawa-hawa, kana iya ƙirgawa, a ciki aka ga burbushin fulotoniyam na gwajin bam ɗin nukiliya. A Maris 2024 wani kwamitin da ke sama da su ya kaɗa ƙuri'a a kan shawarar tasu, 12 suka ce a'a, 4 suka ce e. Wasunsu suna ganin shekara 70 ta yi kaɗan a ce zamani ce.

Manomi_Gobir:
Ni dai ina bayan masu a'a. Ya za a ce sai 1950 mutum ya fara sauya ƙasa? Wani masani, William Ruddiman, ya ce tun shekara dubbai sare daji da noman shinkafa suka fara ƙara iskar da ke ɗumama duniya. Wasu ma 1610 suka kawo, bayan miliyoyin mutanen asali na nahiyar Amurka sun mutu, gonakinsu suka koma daji, iskar kabon ta ragu.

Hajiyar_Agadas:
Malam Manomi gaskiyarka, amma noma bai fara lokaci ɗaya a ko'ina ba, shi kuwa ƙurar bam duk duniya ta sauka kusan a tare, abin da masu duwatsu ke nema ke nan. Kuma ba nesa da mu ba ne fa, ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane cikin saharar Aljeriya, har Najeriya ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961 saboda gwaje-gwajen nan. Duk sanda hazo ya sauko mana sai na tuna.

Ummin_Abba:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Yaya Baban_Sadiƙu, to ita ledar nan da muka tono, ita ma za ta iya zama shaida a cikin dutse ko ruɓewa za ta yi?