Na kasa tare masu shiga manhajata kafin a tantance su

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Jidda, ina haɗa wa wani ɗan kamfanin masu kawo alhazai Umara manhajar intanet da Spring Boot 3 (kayan aikin gina manhaja da yaren Java) da Spring Security 6 (ɓangarensa mai kula da tsaro da tantance masu shiga). Maigidan yana so duk wanda ya yi kuskuren kalmar sirri sau 5 a rufe asusunsa na minti 15, a kuma rubuta adireshin IP ɗinsa, wato lambar da ke nuna daga inda ya shigo a intanet.

Na rubuta HandlerInterceptor (mai tare buƙata kafin manhaja ta amsa ta) don in kama buƙatar /login, wato ta shiga asusu, amma ko motsi ba ya yi. Zatona UsernamePasswordAuthenticationFilter, mai karɓar suna da kalmar sirri a Spring Security, shi ne ke gama aiki tun buƙatar ba ta iso gare shi ba. Na koma AuthenticationFailureHandler (wanda ake kira idan shiga ta gaza), yanzu ina ganin kuskuren, sai dai kullum kuskure iri ɗaya, BadCredentialsException, yake ba ni, ko sunan ne babu ko kalmar sirri ce ba daidai ba. To yaya zan bambance su ba tare da ɓarawo ya gane ko sunan na nan ko babu ba?

Ga kuma IP: 127.0.0.1, wato adireshin kwamfutar da manhajar ke kai, kawai nake samu, don Nginx na gaba, shi ke fara karɓar buƙata ya miƙa wa manhajar. Kwana uku ke nan, ga Ramadan na ƙaratowa, lokacin cunkoso. Don Allah wanda ya taɓa wannan ya taimaka.